Sabuwar Manhaja da Harshen Koyar da Sana'a

A cikin shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta Nijeriya ta yanke shawara biyu a kan makarantu, tsakaninsu bai kai wata uku ba. Ta fari ita ce sabuwar manhaja wadda aka bayyana gab da komawa makaranta a watan Satumba. Aka rage yawan darussa, aka mai da tarihin Nijeriya wajibi tun daga firamare har ƙarshen ƙaramar sakandare, aka ƙarfafa koyon aikin kwamfuta, sa'an nan aka tsai da sana'o'i shida waɗanda yaro zai zaɓi ɗaya daga ciki. Ta biyu kuwa ta zo a watan Nuwamba, sa'ad da Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin koyarwa da harshen uwa wanda aka amince da shi a shekarar 2022, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin rainon yara har jami'a. An tattauna kowace shawara ita kaɗai, amma ba a cika aza su gefe da gefe ba. Nufin wannan takarda shi ne ta aza su haka, ta duba ko ta biyun ba ta warware abin da ta farin ta ƙulla ba.

Abin da manhajar ta yi daidai

Adalci ne a fara da yabo, gama akwai abin yabo. Manhajar babbar sakandare da aka fara aiki da ita a 2011 ta jera sana'o'i 34, alhali kuwa makarantu da yawa ba su da malami ko kayan aikin ko guda ɗaya daga ciki. Abin da ya biyo baya shi ne makaranta ta zaɓi sana'ar da za a iya koyarwa da alli da allo kaɗai, yara su haddace, su rubuta jarrabawa, su manta. Yanzu an taƙaita su zuwa shida: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da noman lambu da na amfanin gona. Duk wanda ya san kasuwannin Arewa ya san ba a zaɓi waɗannan da ka ba. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar a 2001 gyaranta ya zama abincin samari masu yawan gaske, kamar yadda kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ke shaidawa. Ƙarancin wutar lantarki ya sa farantan sola sun hau rufin gidaje da shaguna da asibitoci. Noma da kiwo da ɗinki kuwa ba su taɓa barin hannun jama'a ba. Ta wannan fuska manhajar ta dubi aikin da mutane ke yi da gaske, ta bi sawunsa, wannan kuwa shi ne abin da ake nema ga makaranta idan zamani ya juya.

Amma kafin a yi murna ya kamata a tuna ba wannan ne karo na farko ba. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, inda gwanayen gari suka riƙa koya wa yara aikin hannu da Hausa. Bayan taron manhaja na ƙasa da aka yi a Ikko a 1969, da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, aka shiga tsarin 6-3-3-4 a 1982, babban alkawarinsa kuwa shi ne yaron da ya gama ƙaramar sakandare zai fita da sana'a a hannu. Aka sayo injuna daga ƙasashen Turai aka rarraba wa makarantu. Da yawansu suka tsufa cikin akwatunansu, don babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. An daɗe ana ba da wannan labari, kuma kullum dalilai ukun nan ake kawowa. Akwai na huɗu wanda ba a cika ambata ba, shi ne harshen da aka ce a yi koyarwar da shi.

Harshen da sana'a ke zaune a ciki

Sana'a ba hannu kaɗai ba ce. Mai koyar da ita yana nuni yana magana, yana faɗin sunan kowane abu, yana tsawatarwa a daidai lokacin da hannun yaro ya karkace. Maƙeri yana da uwar maƙera da masaba da awartaki da zuga-zugi. Marini yana da baba da shuni da toka da katsi, ya san bambancinsu da lokacin kowanne. Manomi ya raba sassabe da huɗa, ya raba noman firi da maimai, mai lambu ya san dashe da ban ruwa da auren itace. Makiyayi ya san harawa da dusa da kanwa, ya san boru da sammore da ciwon huhu tun kafin malamin dabbobi ya iso. Tela ya san kalmasa, mai ɗinkin hannu ya san aska biyu da aska takwas. Mai kwalliya tana da kitso iri iri, da lalle da dilka da tozali. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai tarar da irin waɗannan kalmomi jibge, ya gane cewa huɗu daga cikin sana'o'in manhajar nan, watau noma da kiwo da ɗinki da kwalliya, suna da cikakken harshe a Hausa tun kafin a kafa makarantar boko ta farko.

To, a ɗauki yaron ƙauye wanda ya tashi yana bin ubansa gona tun yana shekara shida. Ya shiga aji, an ce yau darasin noma ne, aka rubuta masa sunan kunya da taki da iri cikin harshen da bai iya haɗa jimla biyu da shi ba. Abin da ya sani sarai ya koma masa baƙo. Maimakon makaranta ta ɗora sabon ilmi a kan wanda ya zo da shi, ta nuna masa dalilin da ya sa wake ke gyara ƙasa, ko yadda ake auna takin zamani, sai shekara ta ƙare a wajen haddace sababbin sunaye na tsofaffin abubuwa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma nan an zubar da zumar an riƙe kwalbar.

Mai musu zai ce wannan ya yiwu ga noma da kiwo, amma sola da wayar hannu fa? Ai ba su da suna a Hausa. Amsar tana bakin masu aikin. Tun zamanin da mota ta shigo, makanikai suka karɓi kalmomin Turanci suka sarrafa su bisa ƙa'idar harshensu. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, saboda haka aka saka wasali a tsakani, aka sami birki da sufana da fulogi. Ta fi son kalma ta ƙare da wasali, aka sami bokiti da fenti. Sautin da ba ta da shi ta musanya shi da na kusa, aka sami famfo da direba. Sa'an nan ta ba su jam'i irin nata: tayoyi, injuna, direbobi, batura. Kalmar da ta karɓi jam'in Hausa ta zama 'yar gida. Haka masu gyaran waya suke yi yau da caji da sikirin da batir, haka masu haɗa sola suke yi da inbata. Inda kuma tsohuwar kalma ta isa, ita suke ɗauka: dalma, jona waya, layi, wuta ta ɗauke, waya ta sha ruwa.

Bayan aro, harshen yana da nasa ma'aunin ƙirar suna. Daga aikatau ana fitar da sunan kayan aiki, kamar mabuɗi da madubi da ma'auni da magogi, ana kuma fitar da sunan wurin aiki, kamar maƙera da marina da majema da masaƙa. Yana da hanyar faɗaɗa ma'ana, wadda ta ba da jirgin ƙasa da jirgin sama daga jirgin ruwa, ta ba da makami mai linzami daga linzamin doki, ta ba da yanar gizo. Ita kanta kalmar manhaja yau ta ɗauki ma'ana ta biyu a bakin masu waya. Harshen da ke da waɗannan hanyoyi ba za a ce ya kasa ɗaukar darasin ƙaramar sakandare ba. An ma taɓa gwadawa. Rupert East da Abubakar Imam sun rubuta Ikon Allah don bayyana wa 'yan makaranta halittu da al'amuran duniya da Hausa, hukumar NORLA kuma, tsakanin 1954 da 1959, ta buga ƙananan littattafai masu yawa don waɗanda suka fito daga ajin Yaƙi da Jahilci.

Hujjar da aka kafa

Dalilin da aka bayar na soke tsarin 2022 shi ne yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da aka ce sun rungumi koyarwa da harshen uwa. Wannan hujja tana bukatar a auna ta. An amince da tsarin ne a ƙarshen Nuwamba 2022, Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya kuma faɗa a fili cewa aiwatar da shi sai an tanadi littattafai da malamai. Yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare bayan wannan rana bai wuce aji uku ko huɗu ba a 2025, tsakaninsa da jarrabawar fita sakandare akwai shekaru masu yawa. Ba shi yiwuwa a ɗora wa tsarin laifin faɗuwar waɗanda bai taɓa koyarwa ba.

In kuwa ana nufin tsohon tsarin 1977, wanda ya ce a koyar da harshen uwa ko na gari a farkon firamare sa'an nan a koma Turanci, to sai a tambayi malaman kwalejojin horon malamai abin da suke gani idan sun je duba ɗalibansu a bakin aiki. Littafi da Turanci yake, abin da ke kan allo da Turanci yake, jarrabawa da Turanci take, malami kuwa yana fassarawa da baki gwargwadon iyawarsa, kowane malami da tasa fassarar. Wannan ba koyarwa da Hausa ba ce, ba kuma koyarwa da Turanci ba ce. Inda aka yi gwajin bisa ƙa'ida sakamakon ya sha bamban. A gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara a Ife a 1970, an koyar da yara dukan darussan firamare da Yarbanci, aka ba Turanci ƙwararren malami a matsayin darasi, yaran kuwa ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, suka kuma yi kyau a sauran darussa. A Jamhuriyar Nijar ma an buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973.

Duk da haka masu goyon bayan Turanci suna da magana mai nauyi, bai kamata a raina ta ba. Takardar bayanin da ke zuwa cikin kwalin inbata da Turanci take. Mai gyaran waya da ke son ya ƙaru tilas ya karanta abin da ake rubutawa a intanet. A garuruwa kamar Kaduna da Jos aji ɗaya yakan tara yara masu harsuna goma, kuma akwai al'ummomi da yawa a Arewa waɗanda ba za su yarda a ce Hausa ce harshen uwarsu ba, suna da gaskiya kuwa. Amma abin da wannan ya tabbatar shi ne a koyar da Turanci da kyau, a hannun malamin da ya iya shi. Bai tabbatar da cewa yaron Gumel ko na Illela zai fi gane yadda wuta ke bin waya ba idan an hana malaminsa ya bayyana masa da harshen da yake tunani da shi.

Tarbiyya da amanar sana'a

Manhajar ta tanadi darasi na zaman ɗan ƙasa da al'adun gado a babbar sakandare, wannan kuwa abu ne mai kyau. Sai dai ta raba tarbiyya da sana'a, ta sa kowacce a nata lokacin, alhali a wurin masu sana'a tare suke tafiya. Mai gyaran waya ana miƙa masa abin da ke ɗauke da hotunan iyalin mutum da saƙonninsa da hanyar shiga asusunsa na banki. Mai haɗa sola yana iya sa siririyar waya inda ya kamata a sa mai kauri, mai gida ba zai sani ba sai ranar da gobara ta tashi. Tela yana karɓar ɗinkin Salla fiye da ƙarfinsa, mai kiwo yana iya ɓoye aibin dabba. Kowace sana'a da irin tata jarrabar, kuma a bakin aiki ake koyon tsallake ta.

A nan ma harshe ya shigo. A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya yi a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, ya lissafa halaye goma da Hausawa ke auna mutum da su, a cikinsu akwai gaskiya da amana da kunya da mutunci. Yaro ya san nauyin a ce masa ya ci amana, ko a ce ya yi algus, tun kafin ya shiga makaranta, wanda kuma ya yi karatun zaure ya tarar da babin ciniki a cikin Risala. Idan an juya waɗannan zuwa jerin kalmomin Turanci da za a haddace don jarrabawa, sun rasa kaifinsu. Doka kaɗai kuwa ba ta wadatar ba. Dokar soja ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa, aka sake wata dokar a 1999, amma satar ba ta ƙare ba. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, wadda ke iya rubuta wa ɗalibi amsa cikin ƙiftawar ido. Abin da na'ura ba ta iya yi masa shi ne ta riƙe dalma a madadinsa, ko ta tsaya gaban malami ta bayyana da baki dalilin da ya sa ya jona waya kaza da kaza. Jarrabawar aikin hannu da ta baka ita ce maganin wannan sabuwar sata, ita ce kuma wadda harshen yaro ya fi muhimmanci a cikinta.

Gasa

Makarantu suna gasa da juna, musamman masu zaman kansu, abin da suke tallatawa kuwa shi ne sakamakon jarrabawa da jin yara suna Turanci. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 ta bar takarda gaba ɗaya, tambayoyinta kuwa na zaɓen amsa ne. Duk makarantar da ke neman suna za ta karkata ga abin da ake aunawa, ta bar abin da ba a aunawa. Muddin darasin sana'a zai ƙare a kan tambayar zaɓen amsa, to za a koyar da shi kamar yadda aka koyar da sana'o'i 34 na da.

Akwai kuma wata gasar da makaranta ba ta lura tana ciki ba, ita ce tsakaninta da rumfar kasuwa. Uba yana da 'ya'ya biyu, ya kai ɗaya sakandare, ya kai ɗaya wurin mai gyaran waya. Bayan shekara uku na kasuwa yana kawo cefane gida, na makaranta yana da littafi cike da ma'anonin da bai iya aiki da su ba. Uban nan ba ya bukatar wanda zai yi masa lissafi. Abin da makaranta ta fi rumfa da shi shi ne dalili: ta san abin da ya sa batir ke lalacewa, ta san lissafin yawan farantan da gida ke bukata, ta san rubuta ciniki. Rumfa kuwa ta fi ta da hannu da harshe. Makarantar da ta ƙi aron waɗannan biyu daga rumfa ta bar mata filin.

Laifin na gida

Ba daidai ba ne a ɗora wa Gwamnati dukan nauyin. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejoji suna da nasu kason. An yi aikin ƙirƙirar kalmomi, kamar Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Dalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, amma ƙarfinsa ya tafi ga nazarin harshe da adabi, watau ga bukatar masanan kansu. Inda aka taɓo kimiyya da fasaha, sau da yawa a kan tebur aka ƙera kalmar, ta fito doguwa, ta kasa shiga bakin mutane. An ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, jama'a suka ce kwamfuta, kuma tasu ce ta zauna. Da Minista ya tambaya ina littafin haɗa wutar sola da Hausa wanda za a sa a hannun ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare gobe, da amsar ta yi wuya.

Aikin da ke gaba a fili yake, kuma bai jira an sake wata doka ba. Na farko, a bi hanyar Bargery: ɗaliban Hausa su shiga kasuwar waya da garejin makanikai da shagon tela da lambu, su rubuto kalmomin da ake aiki da su, da jimlolin da ake sa su ciki, kafin a ƙirƙiri ko ɗaya. Na biyu, malaman Hausa su zauna da malaman fasaha su rubuta ɗan littafi ga kowace sana'a daga cikin shidan nan, Hausa a shafi ɗaya Turanci a ɗayan, don yaro ya gane da harshensa ya kuma san sunan da zai tarar a jikin kwali. Na uku, kwalejojin horon malamai su koya wa ɗalibansu yadda ake bayani da harshe biyu bisa tsari, tun da ko an hana ko ba a hana ba haka za su yi a aji. Na huɗu, a buɗe wa gwanayen gari ƙofar makaranta kamar yadda aka yi a Nasarawa, a kuma ba aikin hannu maki mai nauyi.

Hukuncin wannan takarda shi ne manhajar 2025 ta zaɓi sana'o'in da suka dace, shawarar Nuwamba kuwa ta ɗaure wa malamin da zai koyar da su harshe. Injunan tsarin 6-3-3-4 sun tsufa cikin akwati don ba a tanadi abin da zai tashe su ba. Ko sana'o'in nan shida za su bi su, ko za su fita su shiga hannun yara, wani ɓangare na amsar yana ga malaman da ke karanta waɗannan takardu. Allah Ya sa a dace.